Wasannin Japan masu tsohon yayi: abin ɗauka da abin bari

A watan Nuwamba na 2024 kamfanin Square Enix ya sake fitar da Dragon Quest III, wasan da ya fara shiga kasuwar Japan ranar 10 ga Fabrairu, 1988. An gyara masa haske da inuwa, ruwan tekunsa yana ƙyalli, kiɗansa na cikakkiyar ƙungiyar makaɗa ne. Amma mutanen cikinsa an bar su 'yan mitsi-mitsi, zanen ɗigo-ɗigo irin na da. Aka sa masa dala 60, kuɗin sabon wasa dal, kuma kafin wata ya zagayo kamfanin ya sanar da cewa kwafi sama da miliyan 2 sun fita. Da yawa daga cikin masu sayen, yaran nan ne da suka yi dogon layi a ƙofar kantuna a 1988, har 'yan sanda suka riƙa kama waɗanda suka gudu daga makaranta, yanzu sun zama magidanta masu albashi.

Ga wanda bai taɓa riƙe irin wannan wasa ba, fasalinsa ba shi da wuyar bayani. Za a damƙa maka 'yar tawaga ta mutum uku ko huɗu. Ka bi gari-gari kana jin ta bakin mutane, ka sayi takobi da sulke da magani, ka shiga kogo ko hasumiya, ka gamu da dodanni, a ƙarshe ka tarar da bos, wato babban dodon wurin. Faɗan kuma bi-da-bi ake yin sa: ka zaɓi abin da kowane ɗan tawaga zai yi, wannan ya kai sara, wancan ya yi tsafin wuta, ɗayan ya warkar da mai rauni, sannan abokin gaba ya yi nasa. Duk nasara tana ƙara wa mutanenka ƙarfi kaɗan-kaɗan. Yuji Horii ne ya aza harsashin wannan fasali a Dragon Quest na farko a 1986, bayan ya ɗanɗani wasannin kwamfuta na Amurka irin su Wizardry da Ultima, ya rage musu sarƙaƙiya yadda yaro ɗan firamare zai iya. Akira Toriyama, mai zanen Dragon Ball, ya zana dodannin, Koichi Sugiyama ya tsara kiɗa. Shekara guda bayan nan Hironobu Sakaguchi ya fito da Final Fantasy a kamfanin Square. Square da kamfanin da ya fitar da Dragon Quest sun daɗe suna gogayya kafin su haɗe su zama Square Enix a 2003.

Mu a nan ba mu tashi da waɗannan ba, kuma wannan ne ya sa nake ganin muna da bakin magana a kansu. Kaset ɗin da ya zo gidajenmu, mai alkawarin wasanni ɗari tara da casa'in da tara, Mario ne da Contra da harbin agwagwa. A gidan gem kuwa kuɗi ake biya a kan kowane wasa, ga layi a bayanka, don haka ƙwallo da Mortal Kombat ne suka yi sarauta. Wa zai ba ka awa arba'in kana karanta hirar tsoho da jikarsa a wani ƙauyen almara, da Turanci ko ma da Japananci? Saboda haka Bahaushen da ya ɗauki Chrono Trigger ko Octopath Traveler a yau, ba ya ɗauke da kewar ƙuruciya da za ta rufe masa ido. Idan abu ya yi daɗi, don kansa ya yi. Idan ya gundura, babu tunawa da ɗakin kakarsa da zai sa ya yafe. Ni ma da girmana na same su, kuma ina son su so na gaske. Sai dai son nan ne ya sa nake jin haushin yadda wasu sababbin masu ƙira suke kwaso tsohon kaya gaba ɗaya, da tsaba da tsakuwa, su ce ai haka aka gada.

Bari in fara da tsabar. Dragon Quest na farko gaba ɗayansa kilobayit 64 ne, bai kai hoto guda da ake turawa ta WhatsApp ba. Wurin ya yi ƙaranci har sai da aka zaɓi wasu haruffan Japananci aka bar wasu, aka riƙa laƙaba wa dodanni da garuruwa sunayen da za su rubutu da abin da ya samu shiga. A sigar Japan ta asali, jarumin ko juyawa ba ya yi, kullum fuskarsa tana kallonka, domin babu wurin ajiye zanen ƙeyarsa. A cikin wannan ƙunci Horii ya yi wata dabara da har yau ake koyi da ita. Da ka fito daga fadar sarki a minti na farko, za ka hango fadar babban abokin gaba a tsallaken ruwa, kusa ƙwarai, amma ba gada. Sai ka zagaye duniyar wasan kaf kafin ka taka wurin. Ba a yi maka dogon jawabi ba, an nuna maka inda za ka, an bar ka da kwaɗayin zuwa.

Wannan tsimi shi ne sirrin salon. Mutum mai tsawon ɗigo goma sha shida ko ashirin da huɗu ba shi da fuskar da za ta nuna baƙin ciki, don haka dole mai ƙira ya nemi wata hanya, kai kuma mai wasa dole ka cike sauran da zuciyarka, kamar yadda mai sauraron wasan kwaikwayo a rediyo yake ƙirƙiro fuskokin 'yan wasa da kansa. A Final Fantasy VI na 1994 akwai wani dattijon mayaƙi mai suna Cyan, wanda aka zuba wa garinsu guba a ruwa, matarsa da ɗansa suka mutu. Daga baya ya hange su suna shiga jirgin ƙasan da ke kwasar matattu. Ya bi jirgin da gudu har ƙarshen dandamali, suka yi masa bankwana, jirgi ya wuce. Sai ya tsaya ya sunkuyar da kai. Wasan ya mayar maka da iko a hannunka, amma babu inda za ka je, babu abin da za ka danna ya canza komai, sai ka yi ta tsayuwa tare da shi na ɗan lokaci kafin allo ya yi duhu. Zanen sunkuyar da kan nan bai fi ƙwayar wake girma ba a talabijin. Na ga wasannin zamani da aka kashe miliyoyin daloli wajen zana hawaye yana bin kumatu, ba su taɓa ni kamar wannan ba.

Haka kiɗan. Na'urar Famicom, wadda wasannin farko suka fito a kanta, muryoyi uku kacal take iya rerawa a lokaci guda, sai wata ƙara mai kama da kaɗa ganga. Nobuo Uematsu, mai kiɗan Final Fantasy, da Sugiyama ba su da inda za su ɓuya, dole karin ya zama mai kama zuciya tun daga layin farko, domin mai wasa zai ji shi sau ɗaruruwa. Shi ya sa yau ake cika manyan ɗakunan taro a Tokyo da Landan don sauraron waɗannan kaɗe-kaɗe, kuma da aka buɗe gasar Olamfik ta Tokyo a 2021, da kiɗan Dragon Quest aka fara shigo da tawagogin 'yan wasa.

Faɗan bi-da-bi ma yana da kyan da ba a cika faɗa ba. Ba ya tambayar saurin yatsunka. Dattijo zai iya, mai lalurar hannu zai iya, uwa mai goyo za ta iya ajiye waya ta kula da yaro ta dawo ta tarar dodo yana jiranta. Horii ya gina wasansa a kan cewa duk wanda ya dage zai kai ƙarshe: idan aka kashe ka a Dragon Quest, rabin kuɗinka ne ke tafiya, ƙarfin da ka tara yana nan. Akwai tausayi a cikin wannan tsari, kuma ina ganin shi ne dalilin da ya sa wasan ya shiga kowane gida a Japan. A wajenmu akwai wata fa'idar daban. Yawancin waɗannan wasanni ba sa cin data bayan an sauke su, ba sa neman waya mai tsada, ba sa matsa maka ka sayi wani abu a tsakiyar wasa. Chrono Trigger, Final Fantasy shida na farko da Dragon Quest da dama duk suna nan a Android.

To, sai tsakuwar.

Babbar cikinsu ita ce farmakin ba-zata. Kana tafiya a fili fetal, ba ka ga kowa ba, sai allo ya murɗe, kiɗa ya canza, ga dodanni uku. Ka kashe su, ka yi taku goma, ga wasu. A 1986 wannan yana da dalili: na'urar ba ta da ƙarfin zana dodanni suna yawo a taswira, kuma duniyar ƙarama ce, idan aka bar ka ka miƙe za ka ƙure ta a yini guda. Kaset kuma tsada gare shi. Final Fantasy VI yen 11,400 aka sayar da shi. Uban da ya biya wannan kuɗi yana son abin ya riƙe yaro watanni. A ganina rabin wahalar da ake kira gargajiya a yau, dabarar miƙa ɗan ƙaramin abu ce don ya kai tsawon kuɗinsa. Haka zancen zagaye wuri guda ana kashe dodo iri ɗaya na awa biyu don a ƙara ƙarfi kafin bos. Idan mai wasa ne ya zaɓi yin haka don ya sauƙaƙa wa kansa, wannan shi ne tausayin da na ambata. Idan kuwa wasan ne ya gitta katanga ya ce ba ka wucewa sai ka yi, to an ci lokacinka ne kawai.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne wasu daga cikin gwanayen wancan zamani da kansu sun fara gudun waɗannan abubuwa tun na'urorin ba su tsufa ba. A Mother 2 na Shigesato Itoi, wanda ya fito a 1994 kuma aka sani da EarthBound a Amurka, kana ganin abokan gaba a hanya, kuma idan ka fi su ƙarfi nesa ba kusa ba, wasan yana ba ka nasara nan take ba tare da ɓata lokaci ba. Chrono Trigger na 1995, wanda Sakaguchi da Horii da Toriyama suka haɗu a kansa, ya nuna dodanni a fili, ana faɗa a inda aka gamu, ba a canza allo. Ana gama shi a awa ashirin da 'yan kai, kuma da wuya ka nuna awa guda da aka saka don cike gurbi. A farkonsa kana yawo a wajen bikin gari, ka ci abincin wani tsoho, ko ka taimaki yarinya ta gano kyanwarta, ko ka riga ɗaukar abin wuyan gimbiya kafin ka duba lafiyarta bayan kun yi karo. Can gaba sai a gurfanar da kai a kotu, a kira shaidu, a zayyano maka duk abin da ka aikata kana zaton ba mai gani. Masu wannan aikin ba tsohon yayi suke yi ba. Sabon abu suke nema da iyakar ƙarfinsu, da kayan aikin da suke da shi.

Nan ne nake ganin masu kwaikwayo da yawa suke ɓata hanya. A 2016 Square Enix ta fitar da I Am Setsuna daga wani ƙaramin reshe da ta kafa musamman don irin wannan aiki, Tokyo RPG Factory. An ɗauko tsarin faɗan Chrono Trigger kusan sak, har da sunan wasu dabarun. Amma duniyar dusar ƙanƙara ce daga farko har ƙarshe, kiɗan kusan duk fiyano ne, kogo yana kama da kogo. Chrono Trigger kuwa yana jefa ka daga zamanin dinaso zuwa birni mai shawagi a sama zuwa duniyar da ta rushe, duk a 'yan awoyi. An kwafi ƙashin, an bar ran. Reshen ya yi wasanni uku, a 2024 aka narkar da shi cikin uwar kamfani.

Octopath Traveler na 2018 ya fi wannan nasara nesa, kuma shi ya kawo salon zanen da ake kira HD-2D, wanda aka yi wa Dragon Quest III daga baya. Kyansa ba a magana, kiɗan Yasunori Nishiki ma haka, kuma faɗansa yana sa tunani: kowane dodo yana da garkuwa da abin da yake tsoro, sai ka gano raunin, ka fasa garkuwar, sannan ka sauke masa ƙarfin da ka tara. Amma mutum takwas ne, kowa da labarinsa mai babi huɗu, kuma kusan kowane babi tafiyarsa ɗaya: shiga gari, ji labari, shiga kogo, kashe bos. Sau talatin da biyu. Abin da ya fi damuna, mutanen nan takwas suna tafiya tare amma ba su cika shiga sha'anin juna ba. Primrose tana farautar waɗanda suka kashe mahaifinta, idan lokacin kukanta ya zo sai sauran su ɓace daga allo kamar ba a taɓa haɗuwa ba. Mai hidimar ɗakin ibada tana tsaye ɓarawon tawaga yana yashe aljihun talakawa, ba ta ce uffan ba. Alhali abin da ya sa mutane suka riƙe Final Fantasy VI a zuciya shi ne yadda mutum goma sha huɗu suka zama dangi. Kashi na biyu da ya fito a 2023 ya ɗan gyara wannan, kuma ya fi na farko ta kowace fuska.

Bravely Default, na furodusa ɗaya da Octopath, Tomoya Asano, ya yi abin yabo da abin takaici a kaset guda. Sigar da ta fita wajen Japan ta ba ka damar rage farmakin ba-zata ko kashe shi ɗungurungum, ta kuma bar ka ka ƙara saurin faɗa. Sai kuma a rabin ƙarshe ta sa ka sake kashe manyan dodanni huɗu iri ɗaya, zagaye bayan zagaye, da hujjar cewa labari ne ya buƙaci haka. Mutane da yawa a nan suka ajiye shi, kuma ban ga laifinsu ba.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne Eiyuden Chronicle: Hundred Heroes. Yoshitaka Murayama, wanda ya ƙirƙiro Suikoden a 1995, wasan da ake tara mutum 108 a gina sansani, ya nemi kuɗin karo-karo a 2020 don ya yi magajinsa. Sama da mutum dubu 46 suka zuba kuɗi. Ya rasu a Fabrairun 2024, wata biyu kafin wasan ya fito. Akwai zuciya a cikin aikin, ana jin ta. Amma an dawo da farmakin ba-zata, da jaka mai cika da wuri, da wuraren adanawa masu nisa da juna. Wannan na ƙarshe, wanda ke zaune inda wuta ke ɗaukewa ba sallama ya san zafinsa fiye da ɗan Osaka. Masu karo-karo sun nemi a ba su zamanin Suikoden, aka ba su shi da duk nauyinsa. Kuma wannan ita ce matsalar sayar wa mai kewa: abin da yake nema da gaske shi ne kansa yana ɗan shekara goma sha biyu da dogon hutu a gabansa, wannan kuwa babu kamfanin da ke da shi a sito.

Akwai kuma gajiyar labari. Maraya daga ƙauye, daular zalunci, duwatsun lu'ulu'u huɗu, yarinya mai sanyin hali da aikinta warkarwa, bos na ƙarshe da ke iƙirarin allantaka. Tun 1987 Phantasy Star na Sega ya sa mace, Alis, a gaban tawaga, ya kai labarin duniyoyi uku, amma har yau kantunan waya cike suke da wasanni masu arha da ke maimaita marayan nan. Iyaye kuma su sani cewa ƙananan zane ba ya nufin abin yara ne zalla: akwai tsafi da gumaka a yawancin labaran, akwai gidan caca a Dragon Quest da dama, akwai shigar da ba kowa zai so ɗansa ya gani ba. Ga shingen harshe, domin wanda Turancinsa bai yi ƙarfi ba zai rasa rabin daɗin, tunda rabin wasan karatu ne.

Abin lura, wasu daga cikin waɗanda suka fi fahimtar darasin ba Japanawa ba ne. Toby Fox, Ba'amurke, ya sha daga rijiyar EarthBound ya yi Undertale a 2015, inda za ka iya kai ƙarshe ba ka kashe kowa ba, kuma wasan yana riƙe da lissafin wanda ka kashe. Matthias Linda, Bajamushe, ya shafe kimanin shekara bakwai yana gina Chained Echoes kusan shi kaɗai, ya fitar a ƙarshen 2022. Ya zauna ya tambayi kowace tsohuwar al'ada amfaninta. Bayan kowane faɗa lafiyar mutanenka tana dawowa cikakkiya, don haka kowace arangama za a iya tsananta ta ba tare da tsoron ƙarar da magani ba. Sababbin dabaru daga kayar da bos suke zuwa, don haka zagaye fili ana kashe ƙananan dodanni ba ya kai ka ko'ina. Labarinsa ya cika cunkoso a ƙarshe, amma bai taɓa sa na ji ana wasa da lokacina ba. Sea of Stars na kamfanin Sabotage da ke Kebek a Kanada, wanda ya fito a 2023 har da 'yan kaɗe-kaɗen Yasunori Mitsuda na Chrono Trigger, ya fi kowa kyan zane da daɗin tafiya, sai dai jaruman biyu ba su da wani ɗanɗano, abokinsu mai dafa abinci, Garl, shi ya ɗauke wasan a kansa. Shi ma Sakaguchi da ya fito da Fantasian a 2021, ya ƙirƙiro wata na'ura a cikin wasan da ke tara dodannin ba-zata a ajiye, ka yaƙe su gaba ɗaya lokacin da ka ga dama. Wanda ya taimaka wajen kafa al'adar ke nan, yana neman hanyar sassauta ta.

Square Enix ma ta amsa a aikace. Da ta kawo Final Fantasy shida na farko kan Switch da PlayStation 4 a 2023, ta saka maɓallin kashe farmakin ba-zata da na ninka ladan faɗa har sau huɗu. Wasu tsofaffin 'yan wasa sun ce wannan ha'inci ne. Ni ina ganin magidancin da ke da awa guda bayan isha'i ya cancanci ya ga abin da ya faru da Cyan ba tare da ya kashe dodo dubu ba tukuna. Wanda yake son wahalar, ba a hana shi ba, maɓallin yana kashewa.

Idan wani ya tambaye ni inda zai fara, Chrono Trigger zan ce masa, a wayarsa, da abin sauraro a kunne saboda kiɗan. Idan ya gama ya ji yana son ƙari, ya nemi Final Fantasy VI, sannan Chained Echoes idan yana da kwamfuta. Dragon Quest III na dala 60 kuwa, ya jira ranar da aka karya farashi, domin yana da kyau ƙwarai amma har yanzu kowane taku kaɗan sai dodo ya tare hanya, kuma an gina shi ne da tunanin mutumin da ya riga ya san hanyar tun 1988.